Malam Audi da Shinkafa Mai Ƙamshi

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu a Rigachikun ya san Malam Audi. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai ya haɗa da lacca. Ya yi aiki a wata ma'aikatar gona cikin Kaduna har ya yi ritaya, amma fa a ɗakin ajiye fayil. Fartanya kam a jikin kalanda ya san ta. Duk da haka Darakta muke ce masa, shi kuma bai taɓa cewa mu bari ba. Ni tela ne, shagona yana kallon filin da ke bayan gidansa, saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, ina kan keke aka yi shi a gabana.

Abin ya faro ne daga wata walima da ya je a Unguwar Rimi, aka zuba masa shinkafa mai ƙamshi, irin dogayen nan da tun ana buɗe kula hanci ke yi wa ciki albishir. Ya dawo majalisarmu ta teburin Nuhu mai shayi yana sansanar yatsunsa.

"Ku kun taɓa cin shinkafa kuwa?" in ji shi.

Malam Zakariyya, limamin masallacin layinmu, wanda ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba, ya ce, "Mu dai abin da Allah ya hore muke ci, Darakta."

"To ku buɗe kunnuwanku. Kun san an sa ranar Aziza bayan damina. Ranar walimar, in ban ciyar da ku shinkafa mai ƙamshi wadda na noma da hannuna ba, ku canza mini suna."

"Ka ce in Allah ya yarda."

"In Allah ya yarda mana. Amma ilmi ma ya riga ya yarda."

Aziza ita ce 'yarsa ta fari, angon kuma wani yaro ne mai hankali, Sulaiman, danginsa mutanen Sakkwato. Kafin gari ya waye Malam Audi ya buga musu waya ya shaida musu su zo da yunwarsu. Matarsa Rahmatu ta ce ya bari ta fara tanadin shinkafar biki tun yanzu, ko don gudun abin kunya. Ya ce in ya ga ƙwaya ɗaya ta kasuwa a gidansa, sai ranta ya ɓaci. Magana dai ta fita, ba ta komowa, kuma mutuncin yarinya a gaban surukanta aka jingina da wannan noma.

Ranar da aka yi ruwan shuka ya tafi wani babban kanti cikin gari, ya sayo shinkafar a cikin leda mai hoto, fara tas, wadda aka riga aka sussuke aka goge. Ya watsa ta a filin yana fito.

Nuhu ya leƙo ya ce, "Darakta, wannan ba ta dafawa ba ce?"

"Kai ruwan zafi ka sani. Abin da zai shiga cikin mutum ya yi amfani, ƙasa ce za ta gagare shi?"

Kajin unguwa ne suka fara cin walimar Aziza. Har daga layin baya suke zuwa, da 'ya'yansu. Ya kwana biyu yana jiran tsiro, abin da ya fito sai tururuwa. Da muka tambaye shi, ya ce gwaji ne dama, yana son ya ga ko tsuntsaye za su yarda da ita, kuma sun yarda.

Allah ya taimake shi wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa iri na gaskiya, mai ɓawonsa. Ya rene shi a tsofaffin bahunan Rahmatu, ya fito kore shar, gwanin sha'awa. Sai maganar inda za a dasa. Filin nasa dai a da wurin buga bulo ne, tifa-tifa na yashi aka jibge a wurin, in ka tona kamu guda ma rairayi ne. Can gefe kuma, bayan masallaci, akwai wani ɗan kwari mai baƙar laka, inda ruwan alwala ke gangarawa ya kwanta iyakar idon sawu, rani da damina.

Malam Zakariyya ya ce, "Ga wuri can bayan masallaci, na ba ka aro. Ni dai tun ina yaro a cikin taɓo nake ganin shinkafa."

Malam Audi ya toshe hanci. "Wannan shinkafar manya ce, Liman. Ka taɓa ganin babban mutum ya zauna cikin taɓo? Abu mai ƙamshi wuri mai tsabta yake so. Ka dasa ta cikin laka ta fito tana warin kwata?"

Ya dasa ta cikin rairayin nan layi-layi, har da igiya da tsinke. Ragowar dashen, ƙananan da ya ce ba su cika aji ba, ya tattara ya wurga su cikin kwarin bayan masallaci, ya kakkaɓe hannu ya manta da su.

To, rairayi dai kun san halinsa. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya da safe, kafin azahar filin Darakta ya bushe ƙayau. Ya ɗauko masu kurar ruwa suka yi ta juye jarkoki, ƙasa tana shanyewa tun kafin su juya baya. Ya zuba taki, ruwa ya wuce da shi ƙasa. Shinkafa ta fara yin ruwan ɗorawa, ganye ya nannaɗe.

Rannan ya tsaya ƙofar shagona yana huci. "Tela, kai da kake kallon wurin nan kullum, wa ke sace mini ruwa?"

Na ce, "Darakta, ni ban ga kowa da bokiti ba. Ɓarawon yana ƙarƙashin takalminka."

Ya ɗaga ƙafa ya duba, sannan ya harare ni. Amma maganar ta shige shi, don kashegari ya zo majalisa da sabon shiri.

"Na gano matsalar," in ji shi. "Ƙarancin ruwa ne. Ita shinkafa, iya zurfin ruwa iya ƙamshi. Talakawa suna ba ta ruwa iyakar idon sawu, shi ya sa tasu ba ta da ƙamshi. Ni tawa sai ta sha har wuya."

"Wuyan wa?" in ji Nuhu. "Nata ko naka?"

Ya tara masu haƙa, suka yi masa rami ƙato a tsakiyar filin, ya shimfiɗa tamfol a ciki don kada ruwa ya tsere, ya mayar da rairayin a kai, ya tumɓuke shinkafar da ta rage da rai ya sake dasawa. Malam Zakariyya ya zo ya leƙa ramin, ya girgiza kai ya ce, "To, ba asara. In ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba masai."

Ta kuwa yi ruwa. Agusta ta shigo, sama ta ɓalle, rami ya cika maƙil. Da farko ma shinkafar ɓacewa ta yi ɗungum, sai ruwa kawai kake gani. Waɗanda suka rayu suka yi ta miƙewa suna neman iska, sirara, dogaye, kowace ita kaɗai tilo, ba 'ya'ya a gindinta ko ɗaya. Iska in ta kaɗa sai su kwanta a kan ruwa su ƙi tashi.

"Kun ga tsawo?" in ji Darakta. "Kun ga siranta? 'Yar gayu ke nan."

Sai baƙi suka fara sauka. Kwaɗi ne suka fara, suka cika wurin da kuka har ladan ya ce in yana kiran magariba ba ya jin kansa. Agwagin wata maƙwabciya suka mai da wurin gidansu. Sauro kuwa, Allah ya kiyaye, majalisar Nuhu ta koma wurin tafi, kowa na marin ƙafarsa. Mutanen layi suka aika wa Malam Audi da ƙorafi, ya ce duk wani babban aikin ci gaba sai an yi haƙuri da shi.

Ana cikin haka dangin ango suka kawo lefe, a ƙarƙashin jagorancin Gwaggo Laraba, yayar uban Sulaiman, tsohuwa mai baki, wadda ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Rahmatu ta roƙe shi ya bar baƙi su ci abinci su tafi lafiya. Ina, ai sai da ya saɓa babbar rigarsa, sabuwa dal, wadda ni na ɗinka, ya ja su zuwa gona. Mu ma muka bi baya, don ba a ba mu labari.

Gwaggo Laraba ta tsaya bakin ramin ta kare ido da hannu. "Malam, ina shinkahwar take? Ni kwaɗi nika gani."

"Tana ciki, Hajiya. Tana tara ƙamshi."

"Wanga ruwa? Ko can wajenmu, in yak kai haka, sai da jirgi."

"Ai noman zamani ne, Hajiya. Bari in nuna miki."

Ya taka gefen tamfol ɗin, wanda gansakuka ta riga ta lulluɓe, ya miƙa hannu zai kamo ganye. Ƙafa ta tafi, Darakta ya bi ta. Ba mu ji komai ba sai tsulum, agwagi suka watse, hularsa ta taso tana yawo ita kaɗai. Da ya ɗago, ruwa iyakar ƙirjinsa, babbar riga ta baje a kan ruwa, ga wani kwaɗo ya leƙo daga aljihun gaba.

Wallahi na ji zafin rigar nan har cikin raina. Amma shi ko a jikinsa. Ya tofar da ruwa ya dubi Gwaggo Laraba ya ce, "Zurfin nake aunawa, Hajiya. Daidai yake."

"Allah shi ba da sa'a," in ji ta, tana danne dariya da gefen mayafi. "Mu dai muna nan tahe ranar walima."

Kwanaki kaɗan bayan wannan, wani abin mamaki ya faru. In la'asar ta yi iska ta kaɗo, sai wani ƙamshi mai daɗi ya bi layin, kamar an buɗe tukunya a gidan masu hali. Mu da muke masa dariya muka fara kallon juna. Shi kuwa ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa. Ya riƙa tare masu wucewa yana cewa su ja numfashi.

"Liman, me hancinka ya gaya maka?"

"Ya gaya mini akwai ƙamshi. Amma ni kamar ta bayan masallaci nake jinsa."

"Iska ce ke kai muku sadaka."

Wannan magana ta Liman ta sa ya zagaya bayan masallacin. Ya tarar kwarin nan ya cika da wani abu kore shar, gajere, kowane gindi ya yi dam da 'ya'ya. Ransa ya ɓaci. Ya ce ga ciyawa ta tsaya kusa da gonarsa tana ɓata wa baƙi kallo, tana kuma tara masa ƙwari. A lokacin ya riga ya sayo ragon walima ya ɗaure a zaure, ga tsadar harawa. Ya ari lauje, ya bi ciyawar nan ya girbe ta ƙasa-ƙasa, ya yi ta jido ta rungume-rungume.

Rahmatu ta ɗauki ɗaya ta duba. "Malam, wannan ciyawar fa kamar da zangarniya a jikinta. Ji ƙamshi ma."

"Ke yanzu har kin fi ni sanin shinkafa? Tawa ga ta can, doguwa, siririya. Wannan guntuwar ta cikin taɓo ita za ki haɗa da ita? Ƙamshin tawa ne ya kama ta."

"To, Allah ya ba ka haƙuri."

Rago kam bai yi musu da kowa ba. Ya sa kai ya yi ta ci, har ya fara ƙin dusa. Daga ranar ƙamshi ya ɗauke a layin ɗif. Da aka tambayi Darakta, ya ce alama ce mai kyau, ƙamshin ya bar ganye ya koma cikin ƙwaya.

Damina ta janye, biki ya matso, ranar girbi ta zo. Ya yanka tamfol ɗin da wuƙa, rairayi ya shanye tafkin kafin a kai ga cewa me, ya bar kwaɗi suna kallon sama. Abin da ya girbe duka a faifai ɗaya ya zauna. Rahmatu ta ɗaga faifan za ta sheƙe, iska ta kwashe kusan duka, don holoƙo ne, ba ƙwaya a ciki. Abin da ya rage ko gwangwanin madara bai cika ba.

Aziza ta dubi faifan, idonta ya kawo ruwa. "Baba, yanzu me za a ba mutanen Sakkwato?"

"Ke dai je ki sha lallenki. Ubanki ne fa."

Ana gobe ɗaurin aure, mata suka tafi jere gidan amarya, gida ya zama ba kowa. Ina zaune na ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar baya, an sauke buhuna daga kasuwar Kawo, an lulluɓe su da tsohon bargo. Can anjima sai ga hayaƙi yana fitowa ta tagar ɗakinsa, mai kauri, mai daɗi.

Na ɗaga murya na ce, "Darakta, lafiya? Ko gobara ce?"

Ya leƙo idanu jajur yana tari. "Sauro nake kora."

Ashe shinkafa 'yar Hausa ya sayo, ya baje ta a tabarma, ya ɗauko turaren wutan da Rahmatu ta daɗe tana haɗa wa amarya, ya cika kasko, ya rufe da bargo yadda mata ke turara kaya. Da ya ga kamar bai kama ba, ya bi ta da kwalbar humra ya yayyafa, ya cakuɗa da hannu. Masu girki kuwa ba su gane komai ba, don gidan biki ne, ko'ina ka juya turare ne.

Ranar walima aka kafa rumfa a filin, a kan ramin da aka cike. Unguwa ta taru, ga mutanen Sakkwato a sahun gaba. Malam Audi ya karɓi lasifika ya yi bayani a kan ƙasa, ya yi a kan ruwa, ya gode wa masu hassada da suka ƙara masa ƙarfin gwiwa. Sannan ya ce a buɗe kuloli.

Ƙamshi kam ya tashi, ba ƙarya. Aka yi bisimilla, kowa ya kai loma. Sai tauna ta tsaya cak. Ka ga manyan mutane da kumatu cike, an rasa mai haɗiyewa, an rasa mai tofarwa, kowa na satar kallon na kusa da shi.

Malam Zakariyya ne ya fara samun bakin magana. Ya kurɓi ruwa ya ce, "Darakta, don Allah a yi mana bayani. Wannan ci ake yi ko shafawa?"

Nuhu ya ce, "Ni dai bakina ya koma ɗakin amarya."

Sai ga Gwaggo Laraba ta fito daga cikin gida da faranti a hannu, Rahmatu na biye da ita riƙe da kwalbar humra wayam.

"Malam," in ji Gwaggo Laraba, "na shekara da yawa duniya, ban taɓa cin humra da miya ba sai yau."

Rahmatu ta ce, "Haba Malam. Tun jiya nake neman turaren yarinyar nan, har na fara zargin mutane. Ashe a tukunya yake."

Dariyar da aka yi ranar, har masu wucewa a titin Zariya sai da suka waiwayo. Ango ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Aka ce Aziza ma a ciki ta fara da kuka ta ƙare da dariya, don dangin mijin sun ce sun yafe shinkafa, labarin da za su kai gida ya ishe su. Nuhu ya ruga ya kwaso duk burodin teburinsa, aka ture kulolin gefe, aka fuskanci naman rago. Nama kuwa ya yi daɗi, ga taushi ga maiƙo, aka yi ta santi har da masu siɗe ƙashi.

Ana cikin ci Malam Zakariyya ya zagaya bayan masallaci ya dawo da wani abu a hannu. Gindin da aka yanka ne ya sake tofowa a cikin lakar nan, har ya fitar da 'yan zangarniyu masu nauyi. Ya murza ɗaya a tafin hannu ya miƙa wa Malam Audi a gaban jama'a.

"Sansana, Darakta."

Ya sansana. Ƙamshin walimar Unguwar Rimi ne sak.

"Wannan ita ce ragowar da ka wurgar cikin taɓo," in ji Liman. "Ba wanda ya kula ta, sai laka da ɗan ruwan alwala. Ita ce ke ƙamshi a layi. Ita ce kuma ka yanke ka ba rago."

Malam Audi ya dubi zangarniyar. Ya dubi tsibin ƙasusuwan da ke gaban mutane. Na rantse na ɗauka yau kam bakinsa ya mutu, har na fara jin tausayinsa. Sai kawai ya gyara hula, ya miƙa hannu aka ba shi lasifika.

"Jama'a, ina da tambaya. Naman nan kun ci ko ba ku ci ba?"

Aka ce an ci.

"Ya yi daɗi ko bai yi ba?"

Aka ce ya yi.

"To alhamdu lillahi, alkawari ya cika. Na ce za ku ci shinkafa mai ƙamshi wadda na noma da hannuna, kuma kun ci. Ta cikin rago na biyo muku da ita."

Gwaggo Laraba ta riƙe haɓa ta ce, "To Malam, in za ka aurad da wata ɗiya, ka aiko muna da ragon, ka riƙe noman."

Mu dai ba mu karɓi wannan hujja ba, sunan sai da muka canza masa, tunda shi ya ce a canza. Yanzu Mai Turare muke ce masa, kuma yana amsawa.